Bunni Ba Ya Ci A Ƙasa

SHAFI NA 19

Na ga saƙonninku. Aiki ne ya riƙe ni. Masu tambaya ko karen ya mutu, ku karanta da kanku.

* * *

"Ki daina cewa ba ki sani ba."

Zaharadden yana tsaye a ƙofar kicin da faranti a hannu. Na roba ne, shuɗi, irin wanda suke cin abinci a ciki kullum. Shinkafa ta bushe a bakinsa.

Saudatu ba ta juyo ba. Yayarsa ce. Dawowarta ke nan daga shagon ɗinkin da take aiki, ko abaya ba ta cire ba ta ɗora shayi. Ta ce ta riga ta ba shi amsa, ba ta da wata.

"A saman bene na same shi. Bayan tankin ruwa. Kare ba ya saukowa kicin ya ɗauki faranti, Yaya."

"To ka tambayi karen."

"Karen yana asibiti da roba a hanci."

Ta rage wutar murhu.

Bunni ɗan kwikwiyo ne, makaho tun haihuwa, idanunsa fari fat kamar an ɗiga madara. Masu ceton dabbobi suka tsince shi a bayan wani kangon gini a unguwar Abhur. Maha ce ta ɗauko shi, 'yar Abdulmohsen, mutumin da Zaharadden yake wa tuƙi a can Abhur ɗin. Ta yi ta neman mai karɓa, duk wanda ya ji lalurarsa sai ya janye. Ba makantar ce matsalar ba. Maƙogwaronsa ne ya saki, ba ya tura abinci ciki. In ya ci kansa a ƙasa kamar kowane kare, abincin yakan dawo, wani ya faɗa huhu. Sai an zaunar da shi a miƙe, an ba shi abu mai laushi a dunƙule ɗaya bayan ɗaya, an bar shi haka har ya sauka.

Zaharadden ya ce a ba shi. Shi kansa bai san dalili ba. Ya samo bokitin fenti, ya shimfiɗa tawul a ciki don zaunar da shi, ya yi masa rumfa a saman gidansu a unguwar Sharafiyya.

Yau da safe ya hau da abincin ya tarar da Bunni kwance, jiki zafi, numfashi na ƙara kamar ana jan shisha. Likita ya nuna masa hoton ƙirji ya ce wani yana ba karen nan abinci a ƙasa, kuma ba jiya aka fara ba. Shi ne ya dawo gida ya hau sama ya bincika.

Ya tuna wa Saudatu abin da ta faɗa ranar da ya kawo shi. Cewa ta yi za ta sa shi a kwali ta kai shi bolar Kurayyat, inda ba zai gane hanyar gida ba ko da yana da ido huɗu.

Ta ce ta faɗa. Ta ce har yanzu ba ta son ganinsa. Maƙwabta sun daina aiko yaransu, matar Othman, maƙwabcinsu na ƙasa, in ta zo ba ta ƙara zama a kan tabarmarsu.

"Saura ka yi masa iƙama, takardar zama a ƙasa, ka sa shi a ƙarƙashin sunanka."

"Ba wasa nake ba."

"Yaushe ka taɓa wasa? Kai da ka fi wata kana shigowa kamar baƙon haya. Ka ci, ka hau sama. Ka sauko, ka kwanta. Kare ya san muryarka, mu mun manta ta."

Ya kalli farantin. Akwai ɗan ƙashin kaza a maƙale da shinkafar. Ya tuna yadda ƙirjin Bunni yake tashi yana faɗuwa a kujerar mota, yadda ya yi ta neman hannunsa da hanci.

Muryarsa ta yi ƙasa. Haka take yi in ransa ya kai ƙarshe.

"Shi ke nan. Ba ke ba ce. Amma duk wanda ya ajiye farantin nan a gabansa, Allah ya isa tsakanina da shi. Ban yafe ba, duniya da lahira."

Murfin tukunyar shayi ya faɗi daga hannun Saudatu.

"Janye."

"Ba zan janye ba."

"Zaharadden, na ce ka janye. Yanzu. Kafin..."

"In ba ke ba ce, me ya dame ki?"

Idonta ba a kansa yake ba. Bayansa take kallo.

Ya juya.

Ummi tana tsaye a bakin ɗakinta. Zubaidatu, mahaifiyarsu, da lulluɓin sallar la'asar a jikinta da carbi a hannu. Bai san tun yaushe take wurin ba.

"Ajiye farantina," ta ce.

Bai motsa ba.

"Na ce ka ajiye. Ni na kai shi, ni na manta ban sauko da shi ba. Ƙafata ce ta hana ni komawa."

Saudatu ta ce, "Ummi, ki bar shi, ni ce..."

"Halas, ya isa, Saudatu. Ke ba ki iya ƙarya ba, shi kuma ya gama magana."

Ta zauna a kujerar da ke kusa da firiji, ta miƙe ƙafar da ke damunta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta yi bayani kamar mai ba da labarin wani gida.

Tun mahaifinsu Badaru yana raye ita ke kai ragowar shinkafa sama ta zuba wa tantabaru. A gidan da aka haife ta ba a zuba abinci a shara. Ni'ima ce, in mutum ya ƙoshi sai a nema mata wani baki. Ranar da ya kawo kare ta rantse ba za ta ƙara taka matakalar nan ba, kuma ta yi niyyar cikawa. Amma rumfar da ya yi a kan ɗakinta take daidai. Kullum da azahar, in gida ya yi shiru, sai kukan ya fara. Ba haushi ba. Wani siririn abu kamar na jinjirin da ya gaji da kuka. Tana sallah tana ji. Tana cin abinci tana ji.

Rannan ta hau don ta ga ko wani abu ne ya danne shi. Ta ga haƙarƙarinsa a waje. Ta duba ko'ina ba ta ga kwano ba, ko na ruwa. Sai bokiti da tawul, ta ɗauka na wanka ne.

"Na ce a raina, ɗana ya kulle rai a saman gidana ya tafi Abhur. In ya mutu da yunwa, wa za a tambaya? Wanda yake kan hanya, ko wadda take ƙasa tana ji?"

Ba ta iya taɓa shi ba. Tana da alwala, kuma tunda take ba ta taɓa sa hannu a jikin kare ba. Sai ta ajiye farantin a ƙasa, ta tura masa da sandar tsintsiya har ya taɓa hancinsa. Ya cinye kafin ta gyara tsayuwa. Can ya dawo da shi. Ta ce yunwa ce ta sa shi haɗama. Ta wanke wurin da tiyo don kada ya ja ƙuda. Kashegari ta ƙara masa romo don ya wuce da sauƙi. Haka kullum. Jiya shinkafar bukhari suka ci, ta zaɓo masa wajen kazar mai laushi.

Zaharadden ya jingina da bango.

"Romo," ya ce.

"Na ga yana so."

Ya rufe ido. Cikin duk abin da Maha ta hana, ruwa-ruwa ne kan gaba. Shi ya sa babu kwanon ruwa a sama. Ruwansa ma a cikin abincin ake kwaɓa masa.

"Me ya sa ba ki tambaye ni ba, Ummi?"

"Me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Ya ce ai ya faɗa. Ta ce ƙwarai, ta tuna. Ya tsaya a tsakar falon nan da kare a ƙirji, ita tana faɗa, Saudatu tana faɗa, ya ce kalma ɗaya tak: kada kowa ya hau sama. Daga nan bai ƙara ambaton karen a gabanta ba. Ita kuma girman kai ya hana ta tambaya, tunda ta ce ba ruwanta.

Saudatu ta ce ita ta ga Ummi tana saukowa da sandar tsintsiya wata rana da ta dawo da wuri. Ummi ta ce kada ta faɗa. Kunya take ji a san ta karya rantsuwa saboda kare.

Shayin ya tafasa ya zubo a kan murhu. Babu wanda ya tashi.

Wayarsa ta yi ƙara. Maha ce. Ta ce tana asibitin, ya zo yanzu, akwai maganar da ba ta waya ba ce. Ya tambaye ta ko yana numfashi. Ta ce yana yi.

Yana neman makullin mota Ummi ta ce a miƙo mata abayarta.

Ya ce ba wurin zuwanta ba ne, karnuka ne cike. Ta ce ta sani. Saudatu ta kashe murhu ta bi su.

* * *

Motar gidan Abdulmohsen ce. Su biyu suka zauna a baya, kamar yadda matan gidan suke zama. Titin da ake kira Hanyar Madina a cike yake, an tashi daga aiki. Ya kalli madubi. Ummi tana kallon taga, carbin yana hannunta amma ba ta ja.

Sun wuce gadar farko kafin ya iya buɗe baki.

"Ummi. Maganar da na yi ɗazu."

"Kalli hanya."

"Ban san ke ce ba."

"Kai ba ka sani ba. Wanda ka kai wa ƙarar ya sani."

Ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Ya ce ya janye, ya janye duka, Allah shaida. Ta ce ta ji. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Bayan wani lokaci ta tambaye shi ko huhu yana warkewa a jikin ƙaramin abu irin wannan. Ya ce likita ya ce wani lokaci. Ta gyaɗa kai.

Saudatu ta ce da ya iya magana kamar sauran mutane da duk wannan bai faru ba. Tun yana yaro haka yake, ya taɓa yawo da karyayyen yatsa har ya kumbura bai faɗa wa kowa ba.

Bai musa ba.

Asibitin dabbobin yana can arewa, tsakanin shagon turare da wurin wankin mota. A ciki sanyi ne da warin magani. Wata mata tana zaune da farar kyanwa a kwandon da ya fi jakar Ummi kyau. Wani ƙaton kare ya miƙo wuya daga ƙarƙashin kujera. Ummi ta tattare abayarta da hannu biyu ta bi ta jikin bango.

Maha ta taso. Ta ga tsohuwa sai ta sassauta fuska, ta gaishe ta da Larabci, ta kira ta Khala, wato Inna. Sannan ta kai su ciki.

Bunni yana kwance a wani akwatin gilashi. An aske masa hannu ɗaya an sa allura. Siririyar roba ta shiga hancinsa. Ya yi ƙanƙanta fiye da yadda yake da safe.

Zaharadden ya durƙusa ya kira shi. Kunne ɗaya ya motsa. Shi ke nan.

Ummi tana daga baya, kusa da ƙofa. Ta leƙo. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta yi magana a hankali, ba don kowa ya ji ba.

"Sannu, bawan Allah."

Bunni ya ɗaga kai.

Ya juya fararen idanunsa wajen ƙofa, hancinsa yana rawa. Wutsiyarsa ta bugi tawul sau ɗaya, ta ƙara. Ya yi ƙoƙarin tashi, ƙafar ta ƙi, ya koma. Tari ya kama shi.

Ummi ta toshe bakinta da gefen mayafi.

Zaharadden bai juya ba. Shi yake tashi kafin gari ya waye ya kwaɓa abinci. Shi yake zama a gaban bokiti har ƙafarsa ta mutu. Amma a cikin dogon yinin da ba ya nan, wata murya ce take hawowa.

Maha ta ga abin. Ta ce ashe Khala ce mai ba shi abincin rana. Ta ce to ba ta gane ba, yaya aka yi aka ba shi a ƙasa, ba a nuna mata bokitin ba ne?

Ummi ta ce wane na rana?

Maha ta kalli Zaharadden.

Ta ce ranar da ta miƙa masa karen sharaɗi ɗaya ta kafa. Ƙaramin ciki gare shi, ba zai iya yini ba ci ba, dole a ba shi da tsakar rana. Ta tambaye shi wa zai yi, tunda shi yana Abhur. Ya ce mata akwai mutane a gida.

"Haka ka ce. Fi nas fil bet, akwai mutane a gida. Na tambaye ka sun yarda, ka ce sun yarda."



Saudatu ta ce da Hausa, "Wato da sunanmu ka karɓo shi."

Ya ce ya ɗauka in ya ƙara masa na safe zai riƙe shi har yamma. Ya ɗauka zai saba. Ya ɗauka in an kwana biyu gida zai huce, sai ya roƙa. Yana faɗa yana jin yadda maganar ba ta da ƙafa.

"Ashe da gaske yunwa yake ji," in ji Ummi.

Babu wanda ya ce mata a'a.

Likita ya shigo ya duba allurar. Ya ce zazzaɓin ya fara sauka, in ya wuce gobe a haka akwai fata. Amma huhun da ya taɓa kamuwa ba ya son a sake. Nan gaba abincin zai zama kaɗan-kaɗan, sau da yawa, kuma bokiti kaɗai ba zai isa ba har sai ya yi ƙarfi. Bayan kowane ci sai an ɗauke shi a ƙirji, kansa a kafaɗa, kamar jariri, a yi ta zagayawa da shi kusan rabin awa. Ya faɗa ya fita.

Maha ta naɗe hannu. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi masa sauƙi.

Ta ce akwai wata mata a Riyad da ke karɓar irinsu. Tana da wasu a gidanta, ta san aikin. Ta yi mata magana ɗazu, ta amince. In Bunni ya tashi, mota za ta tafi da shi ranar da aka sallame shi. Ba don ta hukunta kowa ba. Ita ta ɗauko shi, ba za ta mayar da shi inda zai yini shi kaɗai ba.

Zaharadden ya ce zai riƙa dawowa da rana.

Ta ce daga Abhur zuwa Sharafiyya, a lokacin ɗauko ƙannenta daga makaranta? Babanta ba zai yarda ba, shi ma ya sani.

Ya ce to zai bar aikin.

Saudatu ta ce ya bar aikin ya tsaya a ƙarƙashin wa, karen ne zai zama kafilinsa, mai tsaya masa a takardar zama? Ita ma kada a kalle ta, ba ta dawowa sai la'asar, kuma ko tana gida ba za ta iya ba. Ta faɗa a fili don kada a sake karɓar wani abu da sunanta.

Maha ta ce to maganar ta ƙare, sai in akwai wani a gida da rana. Wani na gaske wannan karon. Wanda zai faɗa mata da bakinsa.



Zaharadden bai kalli mahaifiyarsa ba. Ya hana kansa. Ɗazun nan ya kai ƙararta wurin Allah a cikin kicin ɗinta, ba shi da bakin roƙonta ko ruwan sha. Ya sa tafin hannu a jikin gilashin. Makaho ne. In an kai shi Riyad ba zai san an kai shi ba, zai dai ji duk ƙamshin da ya sani ya ɗauke, ya yi ta nema.

Ya ji takunta a bayansa. Mai jan ƙafa ɗaya.

Ummi ta matso har gaban akwatin. Tunda suka shigo ba ta zo kusa haka ba. Bunni ya ji ta, ya tura hanci jikin gilashin, ya fito da ɗan harshe yana lasar wurin.

Ta kalli harshen. Ta kalli hannuwanta, da carbin da ke naɗe a yatsunta. Ta kalli kafaɗarta ta hagu, inda lulluɓin sallarta yake sauka.

Da Hausa ta yi tambayar, Maha ba ta ji ba. Saudatu ta ji, ta juyar da kai.

Zaharadden ya san amsar. Duk ranar Allah, in ya ɗauke shi daga bokiti, wuyansa da kunnensa da rabin fuskarsa jiƙewa suke. In ya faɗi gaskiya ya san abin da zai rasa. In ya yi ƙarya, ya ga inda ta farko ta kai su.

Ummi ta ɗauka bai ji ba. Ta sake tambaya.

"In na ɗauke shi a nan, a kafaɗata, yawunsa zai taɓa ni?"